Zanen Kaka Alheri

Ku matso kusa, ku ajiye kofunan shayin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan zan kawo muku, sai dai wannan da ƙafata na taka ta.

Tun da na dawo daga ƙasar Hausa ba ku bar ni na huta ba. In na fita sayen burodin tamis sai a tare ni, “Hajiya Mairo, yaya ƙasar kakanni?” In na shiga Harami, kafin in shimfiɗa darduma wata ta dafa ni. Ni kuwa in ce alhamdu lillahi in wuce. To, na gaji da wucewa. Na zaunar da Rabi, matar Malam Sani maƙwabcinmu mai karatu a jami’a, ina faɗa tana rubutawa. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, kowa ta ji sau ɗaya, a bar ni.

Da fuskata zan fara, don ita ta kai ni. Kun san zanen nan nawa, gajeru uku a kowane gefen baki. Duk faɗin unguwarmu ta Uhudu a nan Madina ba mai irinsa. Kakata Alheri ce ta samo wani wanzami cikin alhazai ya yi mini ina jaririya, ran da ubana ya tafi aikinsa na ɗiban ruwa. Da ya dawo ya ga jini ya yi faɗa kamar zai rushe ɗakin. Ita ko a jikinta. Ta ce, “Irin nawa ne. Ran da ta koma gida da shi za a gane ta.”

Na sha tsokana a kansa. Yaran Larabawa su bi ni suna cewa kyanwa ta yakushe Takruniya, wato Takari. Ina daurewa, saboda labarin da Kaka ta ba ni. Ta ce da Nasara suka ci garinsu, Baba Malam Haruna ya rantse ba zai kwana ƙarƙashin tutarsu ba. Ya ɗaure littattafansa ya yi gabas da jama’arsa, ita tana yarinya da tulu a ka. Su yi tafiya, su tsaya su yi noma, su tashi su yi tafiya, har shekaru suka shuɗe. Da suka iso Madina ya ajiye ta amana a gidan wasu Larabawa, ya rasu, aka binne shi a Baƙi’a. Shi ya sa duk Juma’a kuke ganina bakin katangar maƙabartar, ina yi masa addu’a da sunansa.

Ana nan, jikana Faisal ya ga yarinya a unguwar Aƙiƙ, jikar Hajiya Ummu. Kun san ta, Bafillatar nan ’yar gidan malamai, wadda muka tsufa a sahu ɗaya ni da ita. Yaro yana so, yarinya tana so. Na je da kaina na yi magana.

Ummu ta ce, “Yaron ba shi da aibu, Mairo. Amma kin san mu, sai mun ji asali. Wa zai tsaya muku daga can gida?”

Na ce, “Tattaɓa kunnen Malam Haruna mai hijira kike tambaya asali?”

Ta daɗe tana kallon bakina, sannan ta ce, “To, a kawo mai shaida.”

Ɗana Usman ya ce, “Ya ummi, wa ke tafiya neman gari da suna kawai? Halas, a bar maganar.” Faisal kuwa, mai jin Hausa ya amsa da Larabci, ya sumbaci kaina ya ce, “Ruhi ya sitti,” wato ki je, kaka. Malam Sani da Rabi za su gida hutu, sai na bi su.

Abin da ya fara ɓata mini rai, wai sai na nemi biza. Kaka ta fito da ƙafa ba wanda ya tambaye ta takarda. Iyakar da Nasara suka shata bayan fitarta, ita nake roƙon izinin ƙetarewa.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Jidda, muka hau na sama, kunnena ya toshe, na yi ta salati har muka sauka Kano. A wurin duba fasfo wata ma’aikaciya ta ce in ɗaga niƙabi. Na ɗaga. Ta dubi fasfon, ta dube ni.

“Hajiya, ke Balarabiya ce ko tamu ce?”

Na ce, “A Madina Takari suke ce mini.”

“To a nan baƙuwa ce ke, ga tambarinki.” Ta buga. Sai idonta ya tsaya a bakina, ta yi wani murmushi, ta ce, “Hausarki ta tsofaffi ce. Allah ya sa ki samu abin da kika zo nema.” Ni na ɗauka maraba take yi mini.

A gidan mahaifiyar Rabi na sauka. Mutanen kirki. Yara suka zube ƙasa suna gaishe ni, na ruɗe na kama ɗaga su, don a nan kai ake sumbata, ba a durƙusa wa mutum. Aka yi ta dariya. Aka rataya mini gidan sauro, na ce ba zan shiga likkafani da raina ba. Da safe fuskata ta kumbura, daga ranar ni ke roƙon a rataya. Wuta ta zo ta ɗauke, ta zo ta ɗauke, ba mai ɗaga kai.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Namu na nan da muke tuƙawa da garin samid, ashe kwaikwayo muke yi. Da ƙamshin daddawa ya buge ni sai na ji zanen Kaka, wanda take goya ni da shi, na ajiye loma na yi kuka. Suka ce yaji ne, suka kawo ruwa. Na bar su a haka. Tsiren da Larabawanmu ke ce wa siriya kuwa, a can na ci na ainihi, wannan karon yajin ne da gaske, sai da na kwana biyu ina jin sa.

Mata suka yi ta zuwa ganin ’yar Madina. Wannan ta shafi mayafina ta shafa a fuska, waccan ta ce ko na zo da ƙasar Uhudu. Wata ta ɗauki gorar ruwana ta shanye ta ce alhamdu lillahi ta sha zamzam. Ruwan famfon filin jirgin Jidda ne. Ban faɗa mata ba.

Daga nan Malam Sani ya ɗauko mana mota, muka nufi garin su Kaka. Ba zan kama sunan garin ba, akwai masu rai a cikinsa. Direbanmu Ɗan’azumi, bakinsa ba ya hutawa. Duk shingen da muka tarar sai ya ce, “Hajiya, miƙo dabino biyu, na Madina ya fi komai buɗe hanya.” Haka buhun dabinon ajwa da na yi wa dangi tsaraba ya yi ta raguwa. Muka yi tafiya, muka yi tafiya, kwalta ta ƙare, muka shiga burji. Kusa da gari taya ta fashe, muka zauna gindin tsamiya kusa da wata tsohuwar rijiya.

Ɗan’azumi yana kwance taya ya ce, “Kin ga wannan? Rijiyar Bature ake ce mata.”

Na ce, “Shi ya haƙa?”

“Ina fa. Sha kawai ya yi, ya rubuta a littafinsa. Wanda ya haƙa ba mai tuna sunansa.”

Muka isa da la’asar. Gidan Malam Haruna ba ya ɓata, yaro ma zai nuna maka. Mai gidan yanzu Alhaji Mudi, jikan ɗan Malam ne wanda bai bi hijirar ba. Da Malam Sani ya ce ga jinin Malam daga Madina, Alhaji ya miƙe tsaye, tsoho da shi, ya yi kabbara, ya ce gobe za a yanka rago. Ina cikin niƙabina a zaure, ina ji kamar a ɗauke ni a goya don daɗi. A bango ga allon Malam an rataye, kusa da shi ga hoton kakan Alhaji da rawani, tsaye gefen wani Bature mai malafa. Alhaji ya ce, “Malam ya guje su don Allah, ɗansa kuma suka naɗa shi dagaci, shi ke tara musu haraji. Gidanmu ta kowane gefe da albarka.” Ƙusa ɗaya ce tsakanin allon da hoton.

Aka shiga da ni cikin gida wurin mata. Uwargidansa Hajiya Balaraba ta shimfiɗa mini darduma mai laushi, ta sa aka dama fura, tana ta “Sannunku da zuwa, Hajiya, sannunku da hanya.” Ni kuwa ranar da na jira tun ina yarinya ta zo. Na juya wajen haske, na ɗaga niƙabi a hankali, na ɗaga haɓata don kowa ta gani.

Mai miƙo fura ta tsaya da kwano a hannu. Wata budurwa ta toshe baki da mayafi.

Balaraba ta ce, “Au. Ashe ’yar rinji ce.”

Na ce, “Mene ne rinji?” Na dubi Rabi, Rabi ta sunkuyar da kai. Ashe ita ma ta daɗe da zargin abin, kunya ta hana ta faɗa wa tsohuwa.

Balaraba ta ce, “Unguwar bayin Malam, can bayan fadama. Wannan zanen nasu ne, da shi ake gane su in sun gudu. Mu ba ma yi. Dubi fuskata.” Na duba. Sumul take. Na dubi sauran, duk sumul. Sai ta yi dariya ta ce, “Kin zo a kan gaɓa, jibi muna da suna, ’yan’uwanki ke zuwa yi mana daka. Ko hannun Madina ya manta taɓarya?”

Ba ta janye dardumar ba, furar ma an ba ni. Amma daga nan ba ta ƙara ce mini Hajiya ba.

Na ce a kai ni rinjin. Rabi ta riƙe hannuna muka ƙetare fadama kafin rana ta faɗi. Gidajen ƙasa ne da dangar kara. Matasan ba su da zane, an daina. Aka kai ni wurin wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta girme ni nesa, idonta ya tafi. Aka ce mata ga wata daga Madina. Ta ce in matso. Ta ɗora yatsunta a gefen bakina tana bi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kama hannuna ta ɗora a nata. Iri ɗaya.

Ta ce, “’Yar wace ce ke?”

“Jikar Alheri.”

Ta ce, “Alheri ’yar Nagode. Yayar uwata ce. Uwata tana goye aka tafi da Alheri.”

Ga abin da ta faɗa mini, kamar yadda uwarta ta faɗa mata. Tun kafin sojojin Nasara, wani Bature ya zo shi kaɗai da ’yan dako, da akwati da littafi, ya ce shi matafiyi ne, ƙasa yake son gani. Malam Haruna ya sauke shi, ya ba shi hatsi da kaji, shi kuma ya ba Malam agogo. Da zai wuce ya ce a ba shi wanda ya san hanya. Malam ya kira bawansa Nagode ya ce ya raka baƙo, ya nuna masa duk abin da ya tambaya. Nagode ya nuna masa rijiyoyi da mashigar rafi, Bature yana rubutawa. Bayan wasu shekaru sojoji suka zo, rijiya bayan rijiya, kamar an haife su a ƙasar. Gari ya ce Nagode ne ya kawo su. Aka ɗaure shi a kasuwa aka yi masa dukan da bai ƙara miƙewa daidai ba. Da Nasara suka zauna, suka nemi mutanen aikin tilas, sabon dagaci ya fara ba da shi. Bai dawo ba.

Na ce, “Kaka fa? Ita ta ce Malam babanta ne.”

“Duk yaran gidan Baba suke ce masa. Da zai yi hijira ba shi da abin da zai kai shi Makka, sai ya zaɓi yaran rinji ya tafi da su. Guzuri ne, ’yata. Uwar Alheri ta bi su har rafi, aka koro ta da sanda. Can bayan shekaru wani cikin ayarin ya dawo, shi ya ce an sayar da wasu a Sudan, wasu a bakin teku. Alheri ce ta ƙarshe, ita ta kai shi Madina.”

Amanar ke nan da aka ajiye a gidan Larabawa.

Ko Kaka ta sani ta ɓoye mini, ko ƙuruciya ta hana ta ganewa, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya. Abin da na sani, ba ta fito da komai na uwarta ba sai abin da ke fuskarta, shi ta ba ni. A ɗakin Tabawa na kwana. Ta ba ni ɗanwake da man gyaɗa, na ba ta abin da shingaye suka rage na dabino. Ta ce, “Uwar Alheri har ta mutu in alhazai suka dawo sai ta je ta tambaya.”

Washegari Alhaji Mudi ya aiko a kira ni. Rago dai ya tsira, kaza aka yanka. Malam Sani ya riga ya faɗa masa maganar auren.

Alhaji ya ce, “Ke, kada ki damu kanki. Mutanen Madina me suka sani na zane? Ki kira su a waya, ni zan ce ke jinin Malam ce. Ai duk gida ɗaya ne. In Allah ya kai ni Umara sai ɗanki ya sauke ni.”

Na ce, “Nagode fa?”

“Wanda ya kawo mana Nasara?”

“Wa ya aike shi?”

Ya yi dariya ya dubi Malam Sani. “Ka ji su ko? Ko a Madina aka haife su bakin yana nan.” Ya ba Malam Sani lambarsa, aka sa mini a wayata. Ban ce a’a ba. Ina tuna fuskar Faisal.

Haka muka juyo, burji, kwalta, shingaye, Kano, Jidda. Faisal ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa da sabuwar riga, ya ƙwace jakata yana tambaya, “Bashshiri ya sitti,” in yi masa albishir. Na ce sai na ga Ummu.

Na je Aƙiƙ da hantsi. Ta zuba mini gahawa, ta tura mini farantin dabino. Wayar tana kan cinyata, danna ɗaya ya rage, Alhaji Mudi yana can yana jira da bakinsa mai zaƙi.

Ummu ta ce, “To, Mairo, wa zai tsaya muku?”

Na ɗauki wayar. Sai na ji yatsun Tabawa a gefen bakina, kamar a lokacin take bi. An sayar da Kaka sau ɗaya don Malam ya iso Madina. Na ga in na danna, ni ce zan sake sayar da ita, don jikana ya shiga gidan nan. Na mayar da wayar cikin jaka.

Na ce, “Ni jikar Alheri ce, ’yar Nagode, bawan Malam Haruna. Mai tsaya mana wata makauniya ce a rinji, ba ta da waya.”

Ummu ba ta ko motsa ba. Ta ce, “Na sani. Uwata ta nuna mini irin zanen nan tun ina yarinya.”

“Kin sani, kika bar ni na ƙetare teku da tsufana?”

“Da wane baki zan faɗa miki? Ƙawata ce ke.”

“Shekarun nan da nake tsayawa bakin Baƙi’a, ke kina gefena kina cewa amin.”

“Addu’a ba ta ɓaci, Mairo.”

Na ce, “Yaron fa?”

Ta ce, “Sha gahawarki, za ta huce.”

Ban sha ba.

To, kun ji yadda ƙasar kakanni take. Saura in faɗa muku inda kowa ya kwana. Yarinyar an ba wani ɗan’uwanta, an yi biki a Azizya, wasunku kun je, na ga lallen a hannunku. Faisal ya nemi canjin wurin aiki ya koma Riyad. Yana kiran ubansa, ya ce a gaishe ni. Usman bai yi mini faɗa ba, ya dai roƙe ni in riƙa barin niƙabina ko cikin mata, na ce masa fuskar da ta haife shi ke nan. Alhaji Mudi ya zo Umara, ya yi ta kira, Usman ya sauke shi don kunya, ni na shige ɗaki har ya tafi. Ummu tana nan, tana ajiye mini wuri a sahu kamar da, ni kuma na koma wata ƙofar Haramin. Iya Tabawa ta rasu da damina. Malam Sani ne ya ji a waya. An ce ƙwallayen dabinon da na ba ta ta sa an binne su bayan ɗakinta, ko sun tsiro ban sani ba.

Ni kuwa duk Juma’a ina nan bakin katangar Baƙi’a, don Kaka ma a ciki take, ita da wanda ya kawo ta, ƙasa ɗaya ta rufe su. Ina kiran sunanta, ina kiran Tabawa, ina kiran uwar da aka koro daga rafi, wadda na manta ban tambayi sunanta ba. Sannan in kira Nagode, wanda ba a san inda kabarinsa yake ba. Malam Haruna kuwa ya ci addu’ata tun ina budurwa har na yi furfura. Ta ishe shi guzuri.